Lugu: Tarihin Garin Sarauniya da Yadda Ya Watse

Masu ƙasa, kafin a yi sarki

Ƙasar Arewa, wadda a yau take cikin gundumomin Dogondutsi da Tibiri na jihar Dosso, har ta tsallaka iyaka zuwa Arewan Dandi a jihar Kebbi ta Najeriya, a bakin wani tsohon kwari take kwance, wanda ake kira Dallol Mawri. Kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya gani. Abin da ya bari shi ne faffaɗan rairayi mai ruwa kusa, inda mai haƙa rijiya ba ya shan wahala, sai jajayen tsaunuka masu shafaffen kai da suka tsaya gefe da gefe. A kan tudu kuwa rijiya tana da zurfi, daji yana da ƙaya. Masu son noma da kasuwa kwari suka bi. Masu gudun mahara suka nemi gindin dutse.

Mutanen da tarihin baka ya ce su suka fara sare dajin nan ana kiran su Gubawa. Mafarauta ne da manoma, masu bin addinin Azna. Ba da takobi suke tinƙaho ba. Hujjarsu ita ce kakanninsu ne suka fara ƙulla alkawari da iskokin wurin, na dutse da na kuka da na tabki, saboda haka su ke da ƙasa, su ke buɗe daji, su ke roƙon ruwa in damina ta yi gardama. Cibiyarsu garuruwa biyu ne: Lugu, inda Sarauniya take, da Bagaji, inda Baura, wani shugaban Gubawa, yake.

An ce Sarauniya ta farko daga Daura ta fito, wasu suna kiran ta 'Yar Ƙasa. An ce ta taso da jama'arta da wani dutse mai suna Tunguma, shi ke nuna musu hanya, suna yada zango suna tashi, har suka iso inda aka nuna musu su zauna, a nan aka kafa Lugu. Wannan duka faɗar kaka da kakanni ce, babu takardar da ta zo da shekara. Sai dai ba a banza aka ambaci Daura ba. Ita ce garin da Hausawa suka sani da mulkin mata tun kafin labarin Bayajida, kuma duk wanda yake son ya ce sarautar macen da ke garinsu tana da asali, Daura zai nuna.

Abin da ya fi labarin tabbata shi ne al'adun da suka rayu har masu bincike suka gan su da ido. Sarauniyar Lugu ba ta da fada, ba ta da dogarai. A ɗakinta take zaune, cikin farin saƙi, tana kaɗin auduga, masu buƙata su zo su durƙusa a yi musu roƙo. Ba ta gadon uwa, ba kuma taron dattawa ke zaɓen ta ba. In Sarauniya ta rasu sai a yi tarkama: a ɗora gawa a makara, maza su ɗauka, kuma a faɗar mutanen garin gawar ce ke jan masu ɗaukarta har ta kai su gaban matar da za ta gaje ta. Wadda abin ya faɗa wa ta bar gidanta ke nan, ko tana so ko ba ta so. Shi kuwa Tunguma alƙali ne. Masu rigimar gona, ko sata, ko zargin maita, sukan zo gabansa, mai kula da shi ya yi tsubbunsa, an ce dutsen ya motsa ya nuna mai gaskiya. Mai karatu na iya yarda ko ya ƙi, amma ga mai tarihi abin lura ɗaya ne: mutane daga nesa sun yarda su kawo ƙararsu Lugu, kuma garin da ake kawo wa ƙara ba ya rasa baƙi, ba ya rasa hatsi.

Borno, Kabi da zuwan sarauta, ƙarni na 16 zuwa na 18

Takarda ta fara magana a kan maƙwabtan Arewa a farkon ƙarni na 16. Littafin Tarikh al-Sudan na Tumbutu ya kawo yadda Kanta na Kabi ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, bayan sun dawo daga yaƙin Agadas. Kanta ya gina Surame, ya zama babban ƙarfi a kudu da Arewa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo labarin yadda Sarkin Borno ya taso da runduna har ƙofar Surame. Ke nan rundunar Borno ta taɓa kaiwa wannan yanki na yamma, wannan kam rubuce yake.

A kan wannan ne labarin sarautar Arewa ya jingina. An ce wani ɗan Sarkin Borno mai suna Ari ya biyo da mayaƙa ya sauka Bagaji, Baura ya ba shi 'yarsa, aka haifi ɗa, Akazama, wanda ya zama Sarkin Arewa na farko. Zuriyarsa su ne Arawa, waɗanda Zabarmawa da Turawa ke kira Mawri, masu tsage biyu daga gefen baki zuwa kunne. Ko Ari mutum ɗaya ne, ko kuwa suna ne da ya tattara ayarin baƙi da suka riƙa shigowa a hankali, labarin ya faɗi abin da yake son ya faɗa: sarki baƙo ne ta wajen uba, jikan masu ƙasa ne ta wajen uwa. Daga nan aka raba aiki. Doki da tambari da yaƙi da ganima na Arawa. Ƙasa da ruwa da iskoki na Gubawa. Sarki yana mulkin mutane, amma ƙasar da yake takawa aro ce daga gidan kakanninsa na wajen uwa, kuma an ce ba ya fita yaƙi ko ya shiga damina bai nemi albarkarsu ba.

Wannan rabo shi ne ƙashin bayan tarihin Arewa, kuma shi ya riƙe Lugu shekaru ɗaruruwa. Sarautar Arawa ba ta zauna wuri ɗaya ba. Gadon sarauta ya yi ta ƙaura daga wannan birni zuwa wancan kafin ya tabbata a Matankari, 'ya'yan sarki kuma da suka rasa rawani suka riƙa gangarawa kudu cikin kwarin suna kafa nasu, har aka sami sarautun Takatsaba da Tibiri da Karakara. Gidajen sarauta suna faɗa da juna, suna tashi suna faɗuwa. Sarauniya tana nan inda take, domin kowane ɓangare yana buƙatarta.

Jihadi da ƙawancen Kabi, 1804 zuwa 1898

Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗaga tutar jihadi a 1804, Kabi na cikin ƙasashen da suka fara faɗuwa, kuma da aka raba daula, yammacinta ya zama rabon Gwandu. A takarda Arewa da Zabarma da Dandi duk ƙarƙashin Gwandu suke. A ƙasa kuwa biyayyar ta tsaya ga gaisuwa da haraji in an matsa. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, amma a 1849 ɗansa Yakubu Nabame ya tayar da tawaye daga Argungu, Zabarmawan Dosso da mutanen Dandi da Arawa suka mara masa baya. A wannan zamani ne sunan Samna Karfe na Tibiri ya fito cikin jarumawan kudancin Arewa. An yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867, ya riƙe har 1875, sannan aka koma gidan jiya.

Sakamakon wannan ga Lugu babba ne. Tunda Arewa ta tsaya a ɓangaren Kabi, babu wani sarkin tuta da ya zauna a Matankari ya naɗa alƙalai ya hana tsafi. Musulunci yana nan, malamai da fatake suna shiga suna fita, wasu sarakuna suna salla, amma talakawa da yawa suna kan addinin iyayensu. Ga kuma rashin kwanciyar hankali: mahara daga kudu, Abzinawa daga arewa, 'yan sarki a tsakiya. A irin wannan zamani, gari mai tsauni a baya da kurmin ƙaya a gefe, wanda kuma ake tsoron taɓawa saboda abin da ke cikinsa, mafaka ne. Tsofaffin Lugu suna cewa garinsu babba ne a lokacin, mai unguwanni da yawa. Sarauniyar da ke ɗaki a ƙarshen wannan ƙarni ita ce Mangu.

Shekarar Bule da Shanuwan, 1898 zuwa 1899

Ranar 14 ga Yuni 1898, a Faris, Ingila da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ƙasashen da yawancinsu ba su taɓa takawa ba. Iyakar ta biyo tsakiyar Dallol Mawri, sannan ta bi wata da'ira da aka zana mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Da wannan zane gabashin kwarin, har da Lugu da Birnin Ƙonni, ya faɗa rabon Ingila. Faransa aka bar ta da busasshiyar hanya ta arewa.

A wannan shekara gwamnatin Faransa ta shirya runduna uku da za su haɗu a tabkin Cadi: ɗaya daga Aljeriya ƙarƙashin Foureau da Lamy, ɗaya daga Kwango ƙarƙashin Gentil, ta uku daga kogin Kwara ƙarƙashin kyaftin Paul Voulet da mataimakinsa Julien Chanoine, wato Bule da Shanuwan. Su biyun sun riga sun yi suna da zubar da jini a ƙasar Mosi, inda suka ci Wagadugu a 1896, kuma uban Chanoine janar ne da ya riƙe ministan yaƙi na ɗan lokaci a 1898. Kuɗin da aka ba su bai kai girman aikin ba. Turawan cikin rundunar ba su kai goma ba. Sauran 'yan Afirka ne: sojoji na dindindin kaɗan, ɗaruruwan 'yan sa-kai da aka yi wa alkawarin ganima da bayi, 'yan dako kimanin 800 da aka kamo da ƙarfi, ga mata ga dabbobi. Taro irin wannan, da ke cin abinci kullum ba ya noma, ba ya kuma da kuɗin saye, wawaso kawai zai ciyar da shi. Ta'asar da ta biyo baya a cikin shirin tafiyar take tun daga farko, kafin a zo ga halin mutanen biyu.

A watan Janairun 1899 suka yi wa mutanen Sansane Hausa, a bakin kogi, kisan gilla, mutum 101 a rana ɗaya. Wani hafsa mai suna Péteau, da ya saɓa da Voulet aka kore shi, ya rubuta abin da ya gani cikin wasiƙa, wasiƙar ta kai Faris. Rundunar kuwa, da ta ga hanyar arewa ba ruwa, sai ta shigo Dallol Mawri tana ƙona garuruwa, ta kuma tsallaka layin da gwamnatinta ta sa wa hannu watanni kaɗan da suka wuce. A watan Afrilu ta yada zango a Matankari.

A nan takarda da baki suka haɗu a kan Lugu, kowa da nasa. Hafsan bindigar igwa na rundunar, Paul Joalland, ya ba da labarin a littafin da ya fitar a 1930. A wurinsa Sarauniya tsohuwar mayya ce da ta aiko musu da saƙon cin mutunci, ta tara maharba a Lugu da maƙwabciyarta Tungana, ta ce ba za su wuce ba. Ranar 16 ga Afrilu 1899 aka gwabza. Mutanen Lugu suka bar fili suka shige kurmi, inda doki ba ya shiga, bindiga kuma ba ta ganin wanda take harbi, suna sakin kibau masu dafi. Lissafin Faransawa da kansu ya ce an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun ƙone harsashi wajen 7,000. Tun da suka bar kogi ba su gamu da turjiya irin wannan ba. Waɗanda suka mutu a ɓangaren Lugu ba wanda ya tsaya ƙirga su. Aka cinna wa garin wuta, rumbuna suka tafi, jama'a suka bazu cikin daji.

A bakin mutanen Lugu kuwa Mangu ba ta ɗauki baka ba, ba ta hau doki ba, domin Sarauniya ba ta yin haka. Maza ne suka yi yaƙi, ita aikinta roƙo da asiri. Wasu suka ce ta ɓace wa Nasara ƙiri-ƙiri, wasu suka ce rikiɗa ta yi. Abin da faɗar garin ta tsaya a kai shi ne ba a kama ta ba, kuma bayan ƙura ta lafa ta dawo ɗakinta, sarautar ta ci gaba. A ganina wannan ya fi labarin doki da takobi nauyi. Garuruwa masu ganuwa da sarakuna masu barade sun buɗe ƙofa ko sun gudu, kuma ba laifinsu ba ne, sun ji abin da ya sami na bayansu. Wanda ya ce a tsaya gari ne da ba shi da sarki, ba shi da barade, ikonsa duka amanar ƙasa ce, wadda ba a ɗaukar ta a gudu da ita.

Sauran labarin sananne ne. A farkon Mayu rundunar ta afka wa Birnin Ƙonni, inda masu tarihi da yawa ke cewa dubbai suka hallaka. Faris ta riga ta aiko laftanar-kanar Klobb ya binciki abin da ake faɗa, ya kuwa biyo sawunsu ta cikin toka da gawawwaki yana rubutawa. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Ranar 16 sojojinsu suka juya suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi. Amma rundunar ba ta koma ba: ta ci Zinder a ƙarshen Yuli, ta kai Cadi, aka haɗu aka kashe Rabeh a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Binciken da aka buɗe a Faransa aka rufe shi a 1902, aka ɗora laifin a kan haukan da wai zafin Afirka ke sa wa Bature. Ƙasar da suka ci kuwa ba a mayar wa kowa ba.

Abin da wuta ba ta yi ba, 1900 zuwa 1960

Garuruwan Hausa da yawa sun ƙone sun sake tashi. Birnin Ƙonni, da ta fi Lugu shan wuya, ga ta nan yau cike da kasuwa. Don haka gobarar 1899 ita kaɗai ba ta isa ta bayyana abin da ya sa Lugu ba ta farfaɗo ba. Dalilan suna cikin shekarun da suka biyo.

Na farko iyaka ce. Faransa ta matsa sai an ba ta hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Zinder, Ingila ta yarda a yarjejeniyar 1904 da ta 1906, sannan ayarin Tilho da O'Shee ya bi ƙasa yana kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Arewacin Arewa ya koma hannun Faransa, kudancinta ya zauna a Najeriya, dangi suka wayi gari da gwamnati biyu. Tafintan ayarin Tilho, Landeroin, ya zauna da fadawa ya rubuta jerin sarakuna. A irin wannan rubutu, wanda ke da jerin sarakuna shi ke da tarihi.

Na biyu, kuma mafi girma, mulkin mallaka ya rushe tsohon rabon aiki. Komanda yana son mutum ɗaya da zai tara haraji, ya kawo 'yan aikin tilas da 'yan soja. Sarkin Arewa ya dace da wannan, aka mayar da shi shugaban kanto, mazauninsa ya tashi daga Matankari ya koma Dogondutsi kusa da bariki. Tsohuwa mai kaɗi a ɗaki, wadda ba ta fita, ba ta kuma da dogarin da zai kamo wanda ya ƙi biya, ba ta da gurbi a wannan tsari. Sarkin da a da yake neman albarkar masu ƙasa yanzu takardar gwamna ke naɗa shi. Rigimar gona da a da ake kai wa Tunguma ta koma gaban sarki da alƙali da komanda. Ba a hana Sarauniya zama ba. An dai janye mata aikin da ke kawo mutane.

Na uku shi ne zaman lafiya kansa. Da hari ya ƙare, ba wanda ke buƙatar ya matse a gindin dutse yana noma tsakuwa. Iyalai suka fita suka kafa tunga kusa da sababbin gonaki, wasu suka gangara kwari, matasa suka koyi cin rani a Najeriya da Gwalkwas. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da ta fara ta 1931 suka ƙara tura na turawa. Zuriyar Lugu ba ta ƙare ba, bazuwa ta yi cikin ƙauyukan da ke kewaye, tana dawowa in an yi babban sha'ani.

Addinin iskoki bai mutu nan take ba, har ma ya nemi hanyar da zai yi magana da sabon zamani. A 1925 wata mata mai suna Shibo ta fito a yankin Kurfai da sababbin iskoki da ake kira Babule, masu kwaikwayon soja da komanda da gwamna, abin ya bazu har cikin Arewa, mabiyansa suna ƙin sarakunan da Nasara ya naɗa. Komandan Yamai, Crocicchia, ya kama su ya ɗaure. Amma guguwar da ta fi ƙarfi ta Musulunci ce. Hanya ta buɗe, fatauci ya ƙaru, kuma a kasuwa da bariki mai salla ya fi samun shiga. Abin da tutar Gwandu ta kasa cikin shekara casa'in, mota da kasuwa suka yi shi ba tare da an zare takobi ba.

Suna ya tafi Yamai, 1960 zuwa yau

Nijar ta sami 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, kuma shekaru ashirin na farko sunan Mangu bai wuce Arewa da 'yan littattafan masana ba, irin na Marc-Henri Piault kan tarihin Mawri da ya fito a 1970. Wanda ya fito da ita duniya shi ne Abdoulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba, haifaffen Gudumariya a 1932, wanda ya sha gudun hijira a Aljeriya ya kuma sha kurkuku a zamanin Seyni Kountché. A 1980 ya fitar da ƙagaggen labari mai suna Sarraounia. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim a 1986. A Burkina Faso ta Thomas Sankara aka ɗauki fim ɗin, ba a Nijar ba, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Sarauniyar Mamani matashiya ce, jaruma, mai jan baka a gaban mayaƙa. Marubuci yana da wannan 'yanci, kuma Mamani bai ce tarihi yake rubutawa ba. Ƙasar da yawancin sarakunanta suka zauna lafiya da Nasara tana neman wanda za ta nuna ta ce ga wanda ya ƙi, shi kuma ya ba ta. Daga nan sunan ya shiga littattafan makaranta, ya hau gidan rediyo da talabijin a Yamai, har gwamnatin soja da ta karɓi mulki a Yulin 2023 ta ƙirƙiro lambar girma mai sunan Sarauniya Mangu. Abin da ba a cika faɗa a wajen bikin ba shi ne matar da ake yabo shugabar addinin Azna ce, addinin da mai wa'azi a masallacin unguwa yake kira shirka. An ɗauki jarumtar, an bar matar da aikinta a ƙauye.

A ƙauyen kuwa sarautar ba ta yanke ba. A 1983 an yi tarkama, Sarauniya Aljima ta shiga ɗaki, a tsakanin farin 1973 da na 1984 da suka ƙara kwashe sauran mutanen yankin. A ƙarshen shekarun 1980 Adeline Masquelier ta zauna Dogondutsi tana nazarin 'yan bori, littafinta na 2001 kuma cike yake da kukansu cewa an bar iskoki, shi ya sa ruwa ya ja baya. A 2007 Nicole Moulin da Boubé Namaïwa da Marie-Françoise Roy suka fitar da littafi kan Lugu da Sarauniya, wanda ya ba faɗar mutanen garin fili, tare da ƙungiyar Tarbiyya Tatali da ke ayyukan raya karkara a ƙaramar hukumar Dankasari.

Wurin tarihi, 2006

A 2006 gwamnatin Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, tare da fadar Zarmakoy ta Dosso da tsohon birnin Zinder da wasu. Daga cikin wannan jeri, Agadas ce ta tsallake a 2013.

Mai son zuwa zai kama babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Dosso, ya yi kilomita wajen 270 zuwa Dogondutsi, sannan ya bar kwalta ya shiga rairayi da tsakuwa, arewa maso gabas, cikin ƙasar Dankasari. Ba ya zuwa kai tsaye. Sai ya nemi ɗan gari ya yi masa iso, ya riƙe abin gaisuwa, ya cire takalmi inda aka ce ya cire, ya yi tambaya kafin ya ɗaga kyamara. Abin da zai tarar ƙaramin ƙauye ne na bukkoki da ɗakunan laka a gindin tsauni, da ɗakin Sarauniya wanda ba shi da wani ado da zai bambanta shi da na talaka, da wurin Tunguma a wajen gari, da fili mai faɗi da za a nuna masa a ce nan unguwa kaza take a da. Bukka ba ta barin kango. Wanda ya zo neman ganuwa ko rusasshen soro zai koma yana cewa bai ga komai ba, domin kusan duk abin da ke Lugu a bakin mutane yake da cikin aikinsu.

Nan ne wahalar take. A arewacin Faransa, ƙasar da sojojinta suka ƙona Lugu, an rufe ramin haƙar kwal na ƙarshe na yankin Nord-Pas-de-Calais a Disamban 1990, garuruwan ma'aikata suka yi sanyi. A 2012 UNESCO ta amince da yankin gaba ɗaya: tsibin ƙasar da aka tono, hasumiyoyin ƙarfe na bakin rami, layukan gidajen lebura na jan bulo. Masu yawon buɗe ido suna zagaya wuraren da aka gyara, tsofaffin ma'aikata suna yi musu bayani. Abin da ya mutu ya bar ƙarfe da bulo yana da sauƙin adanawa, a kewaye shi a sa mai gadi a yanka tikiti. Lugu ba ta gama mutuwa ba, ba ta kuma bar ƙarfe ba. Adana ta yana nufin rijiya mai ruwa, makaranta, hanyar da mota za ta bi da damina, da hatsin da zai hana sauran gidajen tashi. Yana kuma nufin hukuma ta yarda ta tsaya wa wata al'ada da yawancin masu zaɓe a yankin suka riga suka juya wa baya, abin da ɗan siyasa ba ya gaggawar yi.

A 'yan shekarun nan wata matsalar ta ƙaru. 'Yan bindiga sun yawaita a dajin da ke tsakanin Dogondutsi da iyakar Najeriya da ta Mali, har tafiya ƙauyukan arewacin gundumar ta zama sai da shawarar jami'an tsaro. Baƙin waje da ɗaliban jami'a da a da suke zuwa jefi-jefi sun ragu ƙwarai, kuma takardar Lugu tana nan cikin jerin jira inda aka ajiye ta tun 2006.